Wayar da Na Ɓoye a Cikin Tob

Kafin wata mai tausayi ta sauka ƙasa wurin sharhi ta fara kare ni, bari in faɗa da bakina: ni na yi laifin. Ba wanda ya riƙe mini hannu. Na karanta dokar sau uku, na gane ta sarai, na taka ta da ƙafata mai lalle. Ku dai saurari yadda aka yi, in ya so ku zage ni da hujja.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Wijdan. Wata goma ke nan da yaƙin Sudan ya sa muka baro garinmu Madani, ni da mahaifiyata, Yumma Asiya, da jaka biyu da tukunyar jabana ta dafa gahawa. Babana Abdelrahman ya tsaya, wai zai tsare gida da shagonsa na kafinta sati biyu ya biyo mu. Wata huɗu rabon da mu ji muryarsa. Muna zaune a Gadarif gidan Kawu Gado, yayan Yumma, mai gyaran keken ɗinki a kasuwa. Ya ba mu gutiyar da ke kusurwar tsakar gida, ɗaki ne zagayayye mai rufin ciyawa, in aka yi ruwa sai mu ja angarib, gadon igiya na Yumma, zuwa gefen da ba ya yoyo.

Yumma ta daina cin abinci. Ba gaba ɗaya ba, amma a kawo kisra, wainar dawa mai faɗi, da miya ta gutsiri loma biyu ta juya fuska bango. Matar da a Madani ake jin dariyarta daga gida na uku, yanzu sai na kai kunne bakinta.

Sai kuma maganar Mutaz. Ɗan ƙanwar Hala Fatna ne, matar Kawu. Yana da tarakta biyu a gonakin Doka, da jallabiyar da ban taɓa ganin laka a jikinta ba, a garin da lakarsa ke cire wa mutum takalmi. Gaskiya ba mugu ba ne. Matsalarsa ɗaya, duk abin da ya shiga hannunsa sai duniya ta gani. Hala Fatna kuwa ta sa ni gaba.

"Ya bitti, 'yata, mutum yana binki wata biyar. Me kike jira? Wahayi?"

"Hala, babana nake jira."

"Allah ya dawo da shi lafiya. Amma riɗi in ya nuna ba ya jiran mai gona, zubewa yake."

Mutaz ne ya kawo mini sabuwar waya, mai ido uku a baya. Shi ya saita ta da akawun ɗinsa, wai don kada hotunana su ɓata. Ranar da na yi lalle na ɗauki hoton hannuna, ban tura wa kowa ba, sai ga saƙonsa: "Masha Allah, lallen ya kama." Na ji haushi, na yi tsaki, daga nan na dinga kashe data in zan ɗauki hoto. Ku riƙe wannan, ni ce ban riƙe shi da kyau ba.

Tsohuwar wayata mai tsagaggen gilashi kuwa ban yar ba. A cikinta saƙon Baba na ƙarshe yake. A cikinta kuma Ustaz Abduljalil yake mini magana. To, na san kun fara murmushi. Malamin makaranta ne da ya gudo daga Khartoum, yana koyar da yaran 'yan gudun hijira a ƙarƙashin rumfa. Riga biyu na san shi da su, shuɗiya da fara. Bai taɓa cewa yana sona ba, sai dai ya turo: "Yaya jikin Hajja? Ta ci wani abu yau?" Ni kuma in karanta sau goma kamar wasiƙar aure.

Ranar Litinin ya turo sanarwa:

"Habboba Luba za ta yi waƙa ranar Alhamis bayan la'asar, a filin kulob, a tashi kafin magariba. Ba hoto, ba bidiyo, ba ɗaukar murya. Kowa zai ba da wayarsa a ƙofa. Wanda ba zai iya ba, ya yi haƙuri ya zauna gida."

Na karanta wa Yumma don kawai in cika shirun ɗakin. Sai na ga ta juyo. Wallahi ta juyo, har ta dogara da gwiwar hannu.

"Luba? Luba mai gangar daluka? Tana raye?"

"Tana nan Gadarif, Yumma."

"Ita ta yi mana waƙa ranar aurenmu. Ta kira sunan babanki sau bakwai, har ya rufe fuska da rawani don kunya." Ta dube ni. "An ce yanzu sunayen waɗanda aka baro take kira."

"Haka na ji."

"Ƙafata ba za ta kai ni ba. Ki je ki ba ta sunansa. Ina son in ji ta kira shi, ko sau ɗaya."

Na ce to. Ban tsaya tunanin yadda za ta ji ba tare da waya ba. Wata huɗu ba ta roƙe ni komai ba, ko ruwa.

Da yamma Mutaz ya kira, na ba shi labari. Ya yi dariya.

"Ya zola, baiwar Allah, wannan ai sauƙi ne. Ki ba su tsohuwar, ki shige da tawa. Wa zai laluba mace? Don Hajja za ki yi, ba don kasuwa ba."

Na ce ba kyau. Amma maganar ta riga ta sami wurin zama a zuciyata.

Ranar Alhamis na ɗauko tob, wato lafayar Yumma mai ruwan zuma, wanda ya tsira tare da mu, na turara shi sosai. Na sa awarwaron roba guda uku tunda na zinariya sun zama kuɗin mota tun a hanya. Na kashe datar sabuwar waya, na soke ta a ƙugun siket, na naɗa tob a kai. Tsohuwar kuma na riƙe a hannu, a fili, kamar mutuniyar kirki. Na hau raksha, keke mai ƙafa uku.

A ƙofar kulob layi biyu ne, maza da mata. Abduljalil yana tsakiya a bayan tebur, da shuɗiyar rigarsa. Matan unguwa sun ɗinka ƙananan jakunkuna da buhunan fulawa. Ka ba da waya, a sa a jaka, a ƙulle bakin da zare, a ba ka murfin kwalba mai lamba. Ba a laluba kowa. Tambaya ɗaya yake yi, yana duban idon mutum: "Ita ke nan?"

Wani mai babban rawani a gabana ya tsaya gardama.

"Ya Ustaz, ka san ko ni wane ne? Ni na ba da kujerun nan."

"Allah ya saka da alheri, ya Hajj. Kujerun sun shiga ba waya, kai ma haka za ka shiga."

Mutane suka yi dariya, shi ma ya dara, ya zaro waya har biyu ya ajiye. Sai ni.

"Wijdan. Marhaba. Yaya Hajja?"

"Da sauƙi, Ustaz."

Ya karɓi tsohuwar wayata da hannu biyu, don ya san abin da ke cikinta. Ya ƙulle jakar da kansa. Ya ɗago.

"Ita ke nan?"

"Ita ke nan."

Ya yi murmushi ya miƙo mini murfi mai lamba arba'in da ɗaya. Ko sake dubana bai yi ba, ya yarda kawai. Da ya zarge ni da na fi samun sauƙi.

Yanzu ga inda nake jin alƙalamina ya yi kaɗan. Na sha zuwa wasa a Madani, kuma abin da na sani shi ne dajin hannuwa a sama, kowa yana kallon mawaƙi ta cikin gilashin wayarsa, mawaƙin kuma yana kallon bayan wayoyi. A nan kuwa mutum wajen ɗari huɗu ne zaune a kan kujeru da tabarmi, hannuwansu a cinya. Da farko ba mu san abin da za mu yi da hannuwan ba. Wata tana murza bakin tob, wani yana laluba aljihu yana tarar da murfin kwalba. Sai muka fara kallon juna. Na ga matar da muke sayen madara wurinta a Madani. Na ga malamar da ta koya mini lissafi, ta rame har na kusa wuce ta. Wata goma muna gari ɗaya ban sani ba.

Aka fito da Habboba, wato kaka Luba, mata biyu suna riƙe da ita. 'Yar ƙaramar tsohuwa, farin tob, tsagen gado uku-uku a kumatu, ba ta fi yarinya 'yar shekara goma sha biyu tsawo ba. Ta zauna a kan ɗan gajeren benci, aka ɗora mata daluka a cinya, gangar yumɓu da aka gasa fatarta a wuta har ta ɗaure. Ba ta fara da waƙa ba.

"'Ya'yana, kun ji haushi an karɓe muku waya?"

Aka yi dariya.

"Ku yi haƙuri. Ni ba fuskata nake ɓoyewa ba, wa zai sace wannan fuskar? Yau za mu kira mutanenmu da sunansu da unguwarsu. Ɗana Awad yana can. Naku ma suna can. Masu bindiga suna tare mutum a hanya su buɗe wayarsa, suna kuma karanta abin da muke watsawa. Suna ɗaya ya fita daga filin nan, a ji danginsa suna wannan ɓangaren, sai a je a buga masa ƙofa. Abin da za mu yi yau, kunne ya ɗauka, zuciya ta ajiye. Mun yi alkawari?"

"Mun yi!"

Har da ni. Na ɗaga murya ma.

Ta buga dalukar sau ɗaya. Jama'a, ban san ƙaramin abu irin wannan yana da irin wannan murya ba. A ƙirjina na ji ta kafin kunnena. Sannan ta buɗe baki, sai tsohuwar nan da aka riƙo ta ɓace, wata murya ta cika filin, mai kauri, mai ɗan karce, ba lasifika ba komai. Tsuntsayen da ke kan bishiyar nim, wato darbejiya, suka tashi gaba ɗaya. Ta fara da Larabci, ta gangaro Hausa, ta koma, yadda muke magana a gida. Ta yi wa kogi waƙa, ta yi wa gada, ta yi wa layin masu shayi na bakin ruwa, har na ji ƙamshin citta. Tsigar jikina ta tashi ba ta kwanta ba.

Wata mata mai suna Raniya, cikin masu amshi, ta dinga zagayawa tsakanin layuka tana duƙawa. Ba takarda, ba biro. Ka raɗa mata suna da unguwa, ta je ta raɗa wa Habboba. Goma-goma take ɗauka a ka. Habboba kuma ta saƙa su cikin waƙa nan take, kowane da kirarinsa, kamar ta shekara tana shiryawa.

"Yunusu na Hantub, mai gidan burodi,
wutarka ba ta mutu ba, muna jin ƙamshi."

Wata mata a baya ta saki guɗa, guɗar ta karye ta koma kuka. Duk filin ya amsa: "Yana nan, yana nan, Allah ya tsare." Maza manya suna share ido da bakin rawani, ba mai jin kunya, don ba wanda zai ga fuskarsa gobe a wayar wani. A lokacin na gane dokar ba don waɗanda aka baro kaɗai aka yi ta ba. Mu ma ta rufa mana asiri.

Raniya ta iso kaina. Na raɗa: "Abdelrahman kafinta, Maringan." Ta gyaɗa kai ta wuce.

Na gane dokar, na ce muku. Amma duk da haka hannuna ya shiga cikin tob. Fuskar Yumma kawai nake gani, da kwanon kisra da ke komawa kicin a cike. Na zaro wayar zuwa cinyata, na buɗa mata 'yar kafa tsakanin ninkin tob, idon kyamara yana kallon gaba, na danna. Sunaye uku suka wuce. Sai Habboba ta ɗan tsaya, ta ɗaga kai kamar mai tuno wani abu.

"Abdelrahman na Maringan, angon Asiya,
kai da ka rufe fuska ranar da na kira ka,
ƙofar da ka sassaƙa ba ta buɗe wa mugu,
amarya tana jira, kada ka daɗe."

Ta tuna. Shekara ashirin da shida, aure nawa ta yi wa waƙa, amma ta tuna rawanin. Ban ba ta sunan Yumma ba, wallahi ban ba ta ba. Mutum ɗari huɗu suka ce wa babana yana nan, yana nan, Allah ya tsare. Daga nan ta kira nata, Awad, da unguwarsu, muryarta ta yi rawa sau ɗaya tak.

Sai na ji hannu a kan nawa. Tsohuwar da ke gefena ce, Hajja Hanatu, tun zamanmu ta gaya mini sunanta ta ba ni dabino. Ba ta dube ni ba. Ta dai ja bakin tob ɗinta ta rufe idon wayar, ta bar hannunta a wurin.

"Na biyun da aka kira jikana ne," ta ce a hankali.

Na kashe. Kunya ta rufe ni har na ji zufa a tafin ƙafa. Ba ta tona ni ba. Da aka tashi ma ita ta riƙe hannuna muka fita.

A ƙofa na miƙa murfin kwalba, Abduljalil ya kwance jakar ya ba ni tsohuwar wayata.

"Kin ji?"

"Na ji, Ustaz."

"Ki kai wa Hajja yadda kika ji shi."

Na kasa haɗa ido da shi. A raksha na yi niyyar gogewa, zuciya ta ce bari Yumma ta gani sau ɗaya tukuna.

Ana kiran magariba na shiga gida. Hala Fatna tana tsakar gida tana gasa bunna, 'ya'yan gahawa, ta bi ni da ido.

"An dawo daga wurin Ustaz mai riga biyu?"

Na wuce ta. Na shiga gutiya na durƙusa gaban angarib, na zaro wayar.

"Yumma, ta kira shi. Ga shi na ɗauko miki."

Ta dubi wayar, ta dube ni.

"Luba ta yarda?"

"A'a, Yumma."

"Sunan mutane nawa ne a ciki?"

"Biyar."

"Goge."

"Yumma, ko sau ɗaya..."

"Wijdan, babanki ne a ciki, da 'ya'yan mutane. Goge ina gani. Ke ba ki da baki ne? Ba ki da kunne?"

Na goge tana kallo. Na ajiye wayar a kan akwati. Sannan na zauna a bakin angarib, ni da ko a makaranta ba a sa ni cikin masu waƙa, na ɗauki tiren shayi na kifa a cinya na fara bugawa. Na rera: Abdelrahman na Maringan, angon Asiya. Da na kai wurin rufe fuska sai Yumma ta yi wani sauti, na ɗauka kuka ne. Dariya ce. Dariya da hawaye tare.

"Ba haka take jan sa ba. Ki ja 'Asiya' ɗin, ki sauke a hankali. Ba ni tiren."

Ta tashi zaune da kanta. Ta karɓi tiren, ta buga, ta rera, muryar da na yi wata huɗu ban ji ba. Hala Fatna ta leƙo da cokalin bunna a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa. Kawu Gado da ya dawo daga masallaci ya tsaya a bayanta, shi ya fara amsawa: yana nan, yana nan, Allah ya tsare. Muka yi ta maimaitawa. Da muka tsaya Yumma ta share fuska ta ce, "Fatna, akwai sauran kisra?"

Ta cinye kwanon tas, ina zaune ina kallon kowace loma. Ban taɓa ganin abin da ya fi wannan kyau ba.

Sai sabuwar wayar ta yi ƙara a kan akwati.

Na yi mamaki, don na san data a kashe take. Na duba sama, sai na ga alamar wayfai. Na shagon maƙwabcinmu ne, Mutaz ya haɗa mini tun ranar farko, wayar tana kamawa da kanta da zarar na shigo tsakar gida. Tun ina gaisawa da harara da Hala Fatna bidiyon ya tafi.

"Masha Allah!! Ya iso, har na sauke. Tsohuwar nan bala'i ce, na yi kuka wallahi. Wannan bai kamata mu ci mu kaɗai ba. Ina hanyar gona, da na sami netwok mai kyau zan jefa a zauren WhatsApp na 'yan Madani, mutum ɗari takwas ne, kowa ya ji daɗi. Ki gaida Hajja."

Minti goma sha huɗu da turowa, sai yanzu saƙon ya shigo. Na kira, a kashe. Na sake kira, ba ta shiga. Na rubuta kada ka tura, don Allah kada ka tura, saƙon ya tsaya da alama ɗaya. Duk wanda ya san hanyar Doka ya san inda waya ke mutuwa, ba wanda ya san inda za ta farfaɗo. A bayana Yumma tana ta rera sunan Baba a hankali, tana lashe yatsa.

Tsohuwar wayar ta yi motsi a hannuna na hagu. Abduljalil.

"Habboba ta tambayi 'yar Asiya. Na ce mata ke ce mai tob ruwan zuma, kuma in duk masu zuwa irinki ne da ba sai mun ɗinka jaka ba."

Na karanta sau ɗaya kawai. Shi kaɗai ya san direbobin lorin Doka, shi kaɗai zai iya sa a tare Mutaz a hanya, shi kaɗai zai iya gaya wa iyalan mutum biyar su shirya. Kuma na san daga yau ba zai ƙara karɓar wayata da hannu biyu ba.

Na danna kira. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Wijdan? Lafiya? Hajja ce?"

"Ustaz," na ce, "ɗazu ka tambaye ni ko ita ke nan. Ba ita ke nan ba."